Takalmin tanis na mata: yadda za ki zaɓi wanda zai riƙe miki ƙafa

Faɗin filin tanis mita 8.23 ne idan mutum ɗai-ɗai ke wasa, mita 10.97 kuma idan bibbiyu ne. A cikin wannan ɗan faɗin ake shan mafi yawan wahalar wasan. Ki zabura dama, ki ci birki, ki juyo hagu, ki sake cin birki, sannan ki ruga gaban raga don ƙwallon da aka sako a hankali. Da wuya ki yi taku goma a miƙe. Duk sanda kika tsaya cak a gefe, nauyin jikinki kaf yana zuba kan ƙafa ɗaya, ita kuma ƙafar tana neman ficewa ta gefen takalmin. Abin da zai tare ta shi kike nema a shago. Launi, sunan kamfani, da taushin da kike ji in kin danna da yatsa, duk a baya suke.

Shi ya sa ba kowane kambas ne ake shiga fili da shi ba, kuma wanda ya fi yaudarar mata shi ne takalmin gudu. An gina shi don mai tafiya gaba santal: soso mai kauri a ƙarƙashin dunduniya, yadin sama mai laushi, ba nauyi. Ranar da kika sa shi a shago za ki ji daɗinsa fiye da na kowane takalmin tanis. Amma tsayin soson nan yana ɗaga ki daga ƙasa, yadin kuma ba ya tare komai, don haka da kin ci birki a gefe sai ƙafa ta gurɗe. Targaɗen idon sawu yana cikin raunukan da aka fi samu a wannan wasa. Takalmin tanis na gaskiya yana da ɗan tauri, yana zaune kusa da ƙasa, gefensa kuma a ƙarfafe yake.

Ki fara da auna ƙafarki, ba da kallon takalma ba

Mata da yawa suna riƙe da lambar da suka sani tun suna 'yan mata, alhali ƙafa ba ta zama wuri ɗaya. Shekaru suna buɗa ta, ƙarin nauyi yana buɗa ta, goyon ciki ma haka. Lokacin ciki jiki yana fitar da wani sinadari da ke sassauta jijiyoyin gaɓɓai, ga nauyin da aka ɗauka, sai kwarmin tafin ƙafa ya ɗan kwanta, ƙafar ta ƙara tsawo da faɗi. A wajen wasu matan ba ta komawa yadda take ko bayan haihuwa. In kin haihu tun bayan takalminki na ƙarshe, ki ɗauka ba ki san lambarki ba.

Ki yi awon da yamma, domin ƙafa tana ɗan kumbura bayan zirga-zirgar yini, kuma haka take kumbura a tsakiyar wasa. Ki sa safar da za ki riƙa wasa da ita. Ki shimfiɗa farar takarda a kan daɓe, ki taka ta a tsaye, nauyinki a kan ƙafar, wani ya zagaye miki ita da biro a miƙe, kada ya karkatar da shi ƙarƙashin ƙafa. Awon da aka yi a zaune ƙarya yake yi. Sai ki auna da santimita daga bayan dunduniya zuwa yatsan da ya fi tsawo. Ba dole ne ya zama babban yatsa ba. A wajen mutane da yawa na kusa da shi ne ya fi. Ki kuma auna faɗi a inda ƙafa ta fi buɗewa, wato daga gindin babban yatsa zuwa gindin ƙaramin. Ki yi wa ƙafa biyun, domin da wuya su zo daidai, kuma babbar ake saya wa takalmi.

Santimitar nan ta fi lamba amfani. Lambar Turai tana hawa ne da kashi biyu cikin uku na santimita, ta Amurka daban, ta Ingila daban, kuma 39 na wannan kamfani ba lallai ya zama 39 na wancan ba. A harshen yawancin takalman wasanni akwai tambarin da ke nuna tsawon da santimita. Shi za ki riƙa dubawa.

Inda ƙafar mace ta bambanta

Ƙafar mace ba ta namiji ce da aka rage wa girma ba. Galibi dunduniyarta ta fi siranta idan aka gwada da faɗin gaban ƙafar. Wannan shi ke jawo matsalar da kusan duk mai wasa ta sani: in gaba ya yi daidai sai dunduniya ta riƙa zamewa, in an rage lamba don dunduniya ta kama sai yatsu su matse. Mafita ba rage lamba ba ce. Sai dai a nemi takalmin da ƙirarsa ta dace, mai kama baya, mai sakin gaba. Kamfanoni sun daɗe suna rage ƙirar maza su canza launi su ce na mata ne, amma abin ya fara sauyawa. A 2022 Adidas ta fitar da Avacourt wanda ta ce a kan ƙafar mace aka zana shi, a shekarar ne kuma New Balance ta fitar da Coco CG1 na 'yar wasan tanis ta Amurka Coco Gauff, takalmi mai ɗan tsayin wuya a idon sawu.

Akwai kuma maganar faɗi. A tsarin Amurka, harafin B shi ne faɗin mata na yau da kullum, D kuma shi ne mai faɗi na mata, shi ne kuma na yau da kullum a wajen maza. Saboda haka mai faffaɗar ƙafa da ta rasa D na mata tana iya gwada na maza, ta rage kusan lamba ɗaya da rabi: 8.5 na mata yana kusa da 7 na maza. Sai dai ta lura da dunduniya, don nan ne na maza ke yawan yin sako-sako. New Balance na cikin kamfanonin da ke fitar da takalmi ɗaya a faɗi daban-daban, K-Swiss Hypercourt Express kuma an san shi da yalwar gaba.

Idan gindin babban yatsanki ya fito waje ya yi ƙululu, abin da ya fi yawa a mata, kada ki yarda da takalmin da ɗinki ko roba mai tauri ya bi ta kan ƙululun. Ki shafa wurin ta ciki da yatsa kafin ki sa.

Batun kwarmin tafin ƙafa, ana yawan cewa a jiƙa ƙafa a taka takarda: in sawun ya fito cikakke ƙafar shimfiɗaɗɗiya ce, in tsakiyar ta kusa ɓacewa kwarmin mai zurfi ne. Ba laifi, amma ni na fi yarda da tsohon takalmi. Ki ɗora shi a kan tebur ki kalle shi ta baya. In ya karkata ciki, ƙafarki mai faɗawa ciki ce, kina bukatar takalmi mai tauri a tsakiya wanda ba ya murɗewa. In gefen waje ne ya cinye, galibi kwarminki mai zurfi ne, ƙafar ba ta shanye dukan ƙasa sosai, don haka soso mai ɗan yalwa zai fi miki.

A wane fili kike wasa?

Tafin takalmi fili ake yi wa shi. Filin daɓe, irin wanda ake babbar gasar tanis ta Amurka a kansa tun 1978 da ta Ostireliya tun 1988, siminti ne ko kwalta da aka shafe da fenti mai haɗe da yashi. Yashin nan yana cin roba ba sani ba sabo, daɓen kuma ba ya sassauta wa gwiwa. Nan ana son tafi mai kauri mai jure gurza, da soso mai kyau a tsakiya. Mafi yawan masu wasan motsa jiki a irin wannan fili suke, kuma in kina shakka, na daɓe za ki saya, don shi ne ke iya lallaɓawa a sauran filaye.

Filin jar ƙasa, irin na gasar Roland Garros a Faransa, garin jan bulo ne a sama. Ana zamewa a kansa da gangan. Takalminsa yana da zane mai lanƙwasa irin ƙayar kifi tun daga yatsu har dunduniya, zanen yana kama ƙasa sannan ya sake ta, ba ta cushewa. Yadin samansa kuma a tsuke yake don kada gari ya shiga. In kika kai shi kan daɓe zai yi aiki, amma zanen zai shafe da wuri.

Na ciyawa yana da ƙananan ƙusoshin roba a tafi, kuma ba shi da amfani a wani wuri. Sai ga wadda ke da filin ciyawa a kusa, su kuwa ba su da yawa. A gasar Wimbledon ta Ingila, wadda ake yi a kan ciyawa, har launin tafin ma ake dubawa: a 2013 an sa shahararren ɗan wasa Roger Federer ya canza takalmi saboda tafinsa ruwan lemo ne, dokar fararen kaya ba ta yarda ba. Ke dai abin da ya shafe ki shi ne tafin ya zama wanda ba ya barin baƙin zane a fili, don wurare da yawa ba sa barin a shiga da mai barin tabo.

Mai nauyi ko marar nauyi

Takalman tanis kusan gida biyu ne. Akwai masu ƙarfi da riƙo, irin Asics Gel-Resolution da Adidas Barricade, akwai marasa nauyi na gudu, irin Asics Solution Speed, Adizero Ubersonic da Nike Vapor. Bambancin nauyinsu 'yan gram ne da ba su kai ɗari ba a kowace ƙafa, amma ana jin sa. Mai tsayawa a layin baya tana kai da komo, mai jiki, da wadda ta taɓa yin targaɗe, gidan farko ne nasu. Mai saurin ƙafa da ke yawan kai hari gaban raga za ta fi son na biyu, da sanin cewa zai riga ɗayan mutuwa. Ga sabuwar shiga, shawarata ita ce ta karkata wajen riƙo. Ƙafarta ba ta saba da birkin gefe ba tukuna, kuma ba nauyin takalmi ne zai hana ta cim ma ƙwallo ba.

Kafin ki sa, ki juya shi a hannu

Ki kama dunduniyar takalmin ki matse ta da yatsu biyu. In ta lotsa cikin sauƙi, ajiye shi. Wurin nan ƙoƙo ne mai tauri da ya kamata ya riƙe dunduniyarki a miƙe. Sai ki riƙe gaba da baya ki murɗa kamar mai matse wanki. Takalmin kirki zai ɗan ba da kai kaɗan sannan ya ƙi, saboda akwai farantin roba mai tauri a tsakiyarsa. Ki lanƙwasa shi kuma: ya karye a gindin yatsu, inda ƙafa ke lanƙwasawa, ba a tsakiya ba.

Ki duba gefen waje na gaba, daidai ƙaramin yatsa. A takalma masu kyau tafin yana ɗan fitowa waje a nan, ya zama madogara lokacin birki. Ki duba kan yatsu da gefen ciki: in ke mai jan ƙafa ce a ƙasa lokacin bugun farko ko lokacin miƙewa ga ƙwallo, kina son roba mai kauri a wurin, in ba haka ba rami zai fito tun tafin yana sabo. Tsohon takalminki zai gaya miki ko kina ja. A ƙarshe ki zaro shimfiɗar ciki ki gani ko tana fita. In likita ya ba ki shimfiɗa ta musamman, dole ta asali ta fita kafin taki ta shiga, kuma da taki za ki yi gwaji.

Gwaji a ƙafa

Nan ne ake yin sayen, kuma nan ne aka fi yin gaggawa. Ki sa ƙafa biyun, ba ɗaya ba. Ki buga dunduniya a ƙasa ta zauna a mazauninta, sannan ki ɗaure igiya tun daga ƙasa, rami bayan rami, yadda za ki ɗaure a fili. Ki miƙe tsaye.

Tsakanin yatsanki mafi tsawo da bakin takalmi a sami sarari kamar faɗin babban yatsan hannu, wajen santimita ɗaya ko ɗan fiye. Wanda ya gaza haka zai sa farce ya riƙa dukan gaba duk lokacin birki, jini ya taru a ƙarƙashinsa, ya yi baƙi, wani lokaci ya cire. Wanda ya wuce haka kuma ƙafa za ta riƙa sulɓewa gaba, ta je ta daki bakin dai, ga bororo. Yatsu su iya motsi, amma tsakiyar ƙafa ta ji an rungume ta.

Yanzu ki bar tafiyar hankali a gaban madubi, ba ita za ki yi a fili ba. Ki buɗe ƙafa, ki ɗan durƙusa, ki yi taku uku da sauri zuwa dama ki tsaya cak. Ki kalli ƙafarki ta waje. Shin ta tura yadin ya bulluƙo ya wuce gefen tafin? In ta yi haka, ko takalmin ya yi miki ƙunci ko gefensa ba shi da ƙarfi. Ki maimaita zuwa hagu. Ki yi taku biyu gaba ki ci birki: yatsu sun daki gaba? Ki ɗaga kan yatsu sau da yawa: dunduniya tana fita tana komawa? Ɗan motsi kaɗan ba komai, amma in kina jin tana goga, bororo ne ke jiran ki. Ki yi tsalle ƙanana a wuri ɗaya, ki saurari inda ke miki ciwo. Ki kuma lura da bakin takalmin ta baya, kada ya riƙa cizon agara, da gefensa, kada ya riƙa taɓa ƙashin idon sawu. Ƙashin nan a wajen mata da yawa yana kusa da ƙasa, takalmi mai tsayin gefe yana gurje shi.

Mai shago zai iya ce miki zai buɗe in an saba. Na fata yana ɗan buɗewa. Na zamani kuwa yawancinsu roba ce da zaren roba, an yi su ne musamman don kada su buɗe. Taurin sabunta yana raguwa, amma matsi ba ya tafiya, tsawo kuma ba ya ƙaruwa ko kaɗan. Ki bambanta biyun: tauri a ko'ina daidai abu ne mai wucewa, zafi a wuri guda ba mai wucewa ba ne. Ki zauna da takalmin a ƙafa kamar minti goma kafin ki yanke shawara, ki kuma gwada aƙalla ƙira biyu ko uku, don sai an gwada wani ake gane aibin wani.

In komai ya yi daidai sai dunduniya kaɗai ke ɗan zamewa, kada ki yi saurin ajiye shi. Ramin nan na ƙarshe a sama, wanda yawancin mutane ke bari ba igiya, don wannan aka yi shi. Ki zura kowace igiya cikin ramin ƙarshe na gefenta, ta yi ɗan zobe. Ki ɗauki igiyar dama ki zura a zoben hagu, ta hagu a zoben dama, ki ja ƙasa sannan ki ɗaure. Wuyan takalmin zai kama ba tare da an matse doron ƙafa ba. Mai tudun doron ƙafa kuma, wadda igiya ke sa wa ƙafa ta yi sanyi ko ta mutu, ta tsallake rami ɗaya a daidai wurin da ke danna ta.

Safa ma tana cikin lissafi. Ta auduga zalla tana shan gumi ta riƙe shi, fata ta jiƙe, bororo ya samu hanya. Ki nemi ta wasanni mai kauri a dunduniya da gindin yatsu. Kaurin safa kaɗai yana iya canza zaman takalmi, shi ya sa ake gwaji da wadda za a yi wasa da ita.

Mai saye ta intanet ba ta da damar duk wannan sai kaya ya iso, don haka ta tabbatar ana karɓar mayarwa, ta bi santimita, ta yi gwajin a cikin ɗaki a kan wuri mai tsabta kafin tafin ya taɓa waje. Ta kuma yi hattara da jabu. Suna kama da na gaske a ido, amma farantin tsakiya da ƙoƙon dunduniya, waɗanda ba a gani, su ake fara cirewa.

Bayan an saya

Kada ranar farko ta zama ranar gasa. Ki sa shi a gida na 'yan sa'o'i, ki yi atisaye mai sauƙi sau biyu ko uku, sannan ki shiga wasa mai zafi. Ki bar shi don fili kaɗai. Yawo da shi a titi yana cinye tafin a banza. Bayan wasa ki kwance igiya, ki zaro shimfiɗa, ki bar shi ya sha iska a inuwa. Zafin rana mai tsanani da cikin mota a rufe suna lalata gam da soso. Ki riƙa yanke farce a miƙe, gajere.

Soson tsakiya, wanda galibi na wata roba mai laushi ce da ake kira EVA, yana mutuwa tun kafin saman takalmi ya nuna tsufa. Masu harkar sukan ce bayan sa'o'i 45 zuwa 60 na wasa ya fara gajiya, wasu kuma suna lissafi da cewa sau nawa kike wasa a mako, sau hakan za ki canza a shekara. Awo ne na kusa-kusa, ya danganta da nauyinki da filinki. Alamomin sun fi lissafin gaskiya: zanen tafi ya shafe a gindin babban yatsa, soson ya yi tamoji a gefe, takalmin ya karkata in an ajiye shi, kin fara zamewa a inda da ba kya zamewa, ko gwiwa da ƙauri sun fara ciwo bayan wasa ba tare da kin ƙara komai ba. Wasu kamfanoni suna ba da garantin wata shida a kan tafin wasu takalmansu masu ƙarfi a wasu ƙasashe, ki tambaya, ki kuma adana rasit.

Ciwon da ke soka dunduniya a takun farko da safe, wanda ke lafawa in an ɗan yi tafiya, yawanci daga jijiyar da ta shimfiɗu a tafin ƙafa yake. Sabon takalmi yana taimakawa, amma in ya wuce mako biyu ko uku bai sauka ba, ko idon sawu yana yawan gurɗewa ko da takalmi mai riƙo, ki dakata da wasa ki ga likitan ƙashi ko na ƙafa, ki tafi masa da tsohon takalmin ya duba yadda ya cinye.